Katakan daɓen gidana sun daina zama a kan bim: in cika giɓin ko in ɗaga bim ɗin?

Baban Hanifa:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin katako, musamman mazauna Amurka da Kanada, amma kafintocinmu na gida ma don Allah kada ku wuce ba ku ce komai ba.

Gidan da muke ciki a Kolombos, jihar Ohayo, ginin 1962 ne. Ba bene ba ne, kuma duk jikinsa katako ne in ban da harsashin bulo da yake zaune a kai. Tsakanin daɓen da ƙasa akwai fili mai tsayin kusan ƙafa 3, sai da rarrafe ake shigarsa. Wani babban bim, wato kakkauran katakon da ke tallafe da daɓen daga ƙasa, ya ratsa tsakiyar gidan daga wannan kai zuwa wancan, katakai uku ne 'yan tu-bai-ten (inci 2 sau 10 a suna) aka haɗa da ƙusa. Yana zaune a kan ginshiƙan bulo huɗu, tsakanin kowane biyu ƙafa 8. A kansa aka jera katakan da ke ɗauke da daɓen, wato jois, 'yan tu-bai-eit (inci 2 sau 8 a suna), da tazarar inci 16 a tsakaninsu. Kowanne ya taso daga bangon waje, tafiyar ƙafa 12, ya ɗora kai a kan bim, ya gifta ɗan'uwansa da ya taso daga ɗaya bangon da kamar inci 4.

Tun ƙarshen sanyin bana daɓen lungun da ke tsakanin kicin da ɗakunan kwana ya fara lotsawa idan an taka. In yara suka wuce da gudu sai ka ji kwanuka suna kaɗawa a cikin kabad. Ƙofar ɗakinsu ma ta fara cijewa daga sama, sai an sa mata kafaɗa.

Da na shiga ƙasan da tocila, sai na tarar layi bakwai na jois, a jere, ba sa taɓa bim. Wani giɓin katin banki ne kawai yake shiga, wani kuwa ɗan yatsana ƙarami ya shige, na auna shi ya kai rabin inci. Ƙusoshin da aka buga a karkace don riƙe jois da bim suna nan, amma sun zaro, ana ganin jikinsu a cikin giɓin. Wanda ya zauna gidan kafin mu ya taɓa cusa irin siraran wejin nan na katakon sida da ake sayarwa a ɗaure don saita ƙofa da taga. Duk sun murƙushe, wasu da hannu na zare su.

Na kira wani kamfani. Mutumin da suka turo ya leƙa daga bakin ƙofar shiga, bai auna komai ba, ya ce dala 9,000 za su kafa ginshiƙan ƙarfe a ƙarƙashin gidan baki ɗaya. Maƙwabcina kuma, wani dattijo da ya daɗe a unguwar, ya ce duk tsofaffin gidajen nan haka suke, in sayo weji in buga in manta. Tazarar da ke tsakanin maganganun nan biyu ta yi yawa, hankalina bai kwanta da ko ɗaya ba, kuma ɗakin da 'ya'yana ke kwana yana daidai saman wurin.

To, in cika giɓin ne kawai? In haka ne, da me zan cika da ba zai murƙushe kamar na baya ba? Ko kuwa bim ɗin zan ɗaga da jak ya je ya sami jois ɗin? Kuma ta yaya zan gane aikin ya fi ƙarfina, sai na nemo injiniya?

Abu Khalil:

Wa alaikumus salam. Ni dai a ganina ka samo gam ɗin gini mai ƙarfi ka matsa shi cikin giɓin, sannan ka ɗaure kowane jois da dogon sukuru har cikin bim. In ya janyo shi ya zauna, ai ƙara da lilon sun ƙare. Akwai kuma kumfar nan ta gwangwani da ke bushewa ta yi tauri, na ga ana toshe ramuka da ita. Allah ya sawwaƙe.

Usta Na'ibawa:

Wa alaikumus salam, ɗana Baban Hanifa. Irin gidan naku ba shi muke ginawa a Kano ba, aikina rufi ne da silin da ƙofofi, amma katako halinsa ɗaya ne ko ina aka kai shi, don haka bari in faɗi abin da na sani.

Katako yana shan laima yana kuma fitar da ita, har ranar da zai ruɓe. Ka tuna ƙofar katako a gida, da damina ta kumbura ta ƙi rufuwa, hunturu na shigowa ta tsuke har haske na ratsa gefenta. Amma ka lura, a faɗi take tsukewa, ba a tsayi ba. Haka jois ɗinka: tsawonsa na ƙafa 12 ba zai canza a zo a gani ba, faɗinsa ne daga sama zuwa ƙasa yake raguwa. Kuma katakai biyu da aka yanko daga gungume ɗaya ma ba sa tsukewa daidai, ya danganta da ɓangaren da aka fitar da kowanne. Shi ya sa za ka jera rafta goma a kan bim, bayan shekara ka ga takwas sun zauna daram, biyu sun ɗan ɗage. Wannan ba ciwo ba ne.

Abin da bai kwanta mini ba a labarinka shi ne bakwai a jere. Bushewa ba ta bin layi haka.

Kafin ka sayi komai, ka samo igiya siririya mai ƙarfi. Ka buga ƙusa a gefen bim a wannan ƙarshen, inci 1 daga bakinsa na ƙasa, ka buga wata a wancan ƙarshen daidai wannan awon, ka ja igiyar ta miƙe sosai. Sai ka bi ta kana auna tsakanin igiya da bakin bim a kan kowane ginshiƙi da kuma tsakiyar kowane biyu. Da yake tafiyar tana da tsawo, igiya za ta ɗan yi ciki a tsakiya komai jan da ka yi mata, don haka ka tabbatar da tiyo mai ruwa irin wanda magina ke ɗaukar lebur da shi. Ruwa ba ya ƙarya. Ka rubuta kowane awo da fensir a jikin bim ɗin, a wurin da ka auna shi.

Sannan ka ɗauki sukudireba ka dinga soka katakon, kan kowane jois da ƙasan bim inda ya taɓa bulo. Lafiyayyen katako zai ƙi, bakin ƙarfen ya ɗan yi masa tabo kawai. In ya shige kamar cikin sabulu, to ruɓa ce. Ka kuma duba jikin bulon ko akwai hanyar gara, irin zanen ƙasar nan da take ginawa tana hawa.

Maganar weji kuwa, in ta kama, ba a buga shi guda ɗaya. Biyu ake yi, ɗaya ta wannan gefe ɗaya ta wancan, bakin wannan ya hau gindin wancan, yadda in sun haɗu samansu da ƙasansu za su zama shimfiɗe. Guda ɗaya a kan tsini kawai yake ɗaukar kaya. Kuma da katako mai tauri ake yinsa. Mu nan maɗaci ko ƙirya za mu nema, ba wanda zai sa katako mai laushi irin obece a ƙarƙashin nauyi. Ka tambayi wanda ya fi tauri a wurinku, kuma ya zama busasshe, don ɗanyen weji shi ma tsukewa zai yi ya bar ka inda ka fara.

Ɗan Damagaram:

Salamu alaikum. Ina gaida Baba Usta, kun riga kun faɗi rabin abin da zan faɗa. Ni a Kalgari ta Kanada nake, aikina ke nan, kafa ƙashin gidajen katako, kuma muna yawan shiga gyaran tsofaffi.

Ɗan'uwa Abu Khalil, ka yi haƙuri, amma kada Baban Hanifa ya bi wannan. Kumfa da gam ba sa ɗaukar nauyi, za su ɓoye giɓin ne kawai ido ya daina gani. Sukuru kuma in ya janyo jois ƙasa, daɓen da bangon da ke kansa zai janyo tare, sai a tashi da tsagewa a bango da tayil ɗin kicin.

Baban Hanifa, tambayar da za ka fara amsawa ita ce: wa ya motsa? Jois ne ya ɗage, ko bim ne ya sauka ya bar shi? Yadda giɓin ya jeru zai gaya maka. In ka ga wannan yana da giɓi, na kusa da shi ya zauna, na gaba yana da ɗan kaɗan, ba tsari, to daga katakan ne. Dama tun daga injin yanka ba sa fitowa da faɗi ɗaya, a ɗauri guda za ka samu bambancin inci 1/8, wani lokaci fiye. Kowane katako kuma yana da ɗan doro, ana so a kafa shi doron na sama, in wani ya kauce wa haka ko ya murɗe bayan an kafa shi sai kansa ya ɗage. In kuwa giɓin ya fara ƙarami, yana girma yana girma, ya kai ƙololuwa, sannan ya dinga raguwa, to bim ne ya sauka. Sai ka duba inda ƙololuwar take. In tsakiyar ginshiƙai biyu ce, bim ɗin ne ya yi ciki, ko dai ya yi wa kayan ƙanƙanta ko ya ruɓe ko an yanke shi don wuce da bututu. In daidai kan ginshiƙi ce, to ginshiƙin ne ya nutse, ko abin da ke tsakaninsa da bim ya murƙushe.

Za ka ce, in bim ya sauka me ya hana jois ɗin binsa? Abin da ke samansu ne ya riƙe su. Falankin daɓen an ƙusance shi da su duka, ga bangon lungun nan da na tabbata yana tafiya a saman bim ko dab da shi. Bango mai allon filasta gefe biyu yana da tauri, sai ya zama shi ke rataye da daɓen ta hanyar ƙusoshi. Ƙofar da ta fara cijewa tana nuna ya fara gajiya.

Wani abu kuma. Gidan 1962 ya gama bushewarsa tun tuni. Sabon katakon da muke aiki da shi ana buga masa tambarin cewa laimar jikinsa ba ta wuce kashi 19 cikin 100 ba, kuma a shekarun farko ne yake sauka ya daidaita da gidan. Lissafin da muke yi shi ne, duk raguwar laima da maki 4 tana rage faɗin katako da kusan kashi 1 cikin 100. Tu-bai-eit da ya sauka daga 19 zuwa 11 zai rasa kamar inci 1/8 da ɗan ɗoriya. Ba zai ba ka rabin inci ba, balle a ce sai bana ya tashi yi.

Inda giɓin na katako ne, ƙarami, ga yadda muke yi. Mun fi son ƙananan farantan ƙarfe masu kauri daban-daban, a jera su har su cika giɓin, domin ba sa tsukewa ba sa murƙushewa. In babu, busasshen katakon ok (oak) mai tauri, biyu-biyu kamar yadda Baba Usta ya ce. Cikon ya mamaye duk faɗin wurin da jois ke zama, ba bakin kawai ba. A buga shi a hankali har ya kama, a daina. Mutane suna ɓata aiki a nan, su yi ta dukan weji har jois ɗin ya ɗaga fiye da maƙwabtansa, sai su kuma su rasa wurin zama, a sama kuma a sami tudu. Ka sa wani ya tsaya a saman wurin yana takawa yana gaya maka lokacin da lilon ya tsaya. Bayan nan a sake buga ƙusoshin karkace, a ɗan ɗiga wa wejin gam don kada girgiza ta zaro shi.

In har ta kai ga ƙara sabon katako a jikin tsohon jois, ka auna naka tukuna. Katakon shekarun 1960 ya ɗan fi na yau kauri da faɗi. Tu-bai-eit na yau inci 1½ ne da 7¼, naka zai iya kaiwa 7½.

Injiniya Maman Yusra:

Assalamu alaikum. Ni injiniyar gine-gine ce a Hustan ta Amurka, inda muke da tsofaffin gidaje da yawa da ke zaune a kan ginshiƙai irin naka. Abin da zan faɗa bayani ne kawai, ba zai maye gurbin wanda zai zo ya gani da idonsa ba, amma ina so ka san girman nauyin da kake shirin shiga ƙarƙashinsa.

Kundin ƙa'idar gina gidaje na IRC, wanda yawancin jihohi suka ɗora nasu a kai, yana lissafa fam 40 a kan kowace murabba'ar ƙafa ta daɓen ɗakunan zama, 30 a ɗakunan kwana. Ka ƙara kamar fam 10 na nauyin katakon kansa. Jois ɗinka ɗaya, mai ƙafa 12 da tazarar inci 16, yana ɗauke da kusan fam 800, rabi a bango rabi a bim. Fam 400 ke nan a kan kowane kai, wajen kilo 180. Kundin ya ce kan jois ya zauna aƙalla inci 1½ a kan katako ko ƙarfe, inci 3 in a kan bulo ko kankare ne. Katakon gini mai tambarin SPF, wato na itatuwan spruce, pine da fir, yana jure fam 425 a kan kowane murabba'in inci in an danne shi ta gefe. To in zaman ya cika inci 1½ sau 1½, ya wadatar har da rara. In kuwa duk nauyin ya taru a kan bakin weji mai faɗin kwatan inci, ya haura fam 1,000 a murabba'in inci. Dalilin murƙushewar waɗanda ka zare da hannu ke nan, ga shi sida ya fi katakon gini laushi.

Ginshiƙi kuwa lissafinsa daban ne. Kowanne yana ɗauke da fili mai ƙafa 12 sau 8, kusan fam 4,800, tan 2 da ɗoriya, ban da bango, ban da silin ko rufi in sun sauke nauyinsu a kan bangon tsakiya. Shi ya sa nake so ka haska tocila a saman kowane ginshiƙi ka gaya mana me ke tsakanin bulo da bim.

Ka sayi na'urar auna laimar katako mai allura biyu, ba ta da tsada. Ƙasa da kashi 19 ko 20 katako ba ya ruɓewa. In ka ga ya haura haka, duk gyaran da za ka yi na ɗan lokaci ne muddin ruwan yana nan. Ka duba ko an shimfiɗa leda a ƙasan, ka kuma zagaya waje ka ga inda indararon rufi ke zubar da ruwa.

Ga abubuwan da in ka ga ko ɗaya daga cikinsu, ka ajiye guduma ka nemo injiniya mai lasisi, wanda ba ya sayar da ginshiƙi ko wani kaya, aikinsa dubawa da rubuta rahoto kawai: ginshiƙi ya karkace ko ya tsage, bim ya tsage ko sukudireba na shiga cikinsa, mahaɗar katakan bim ta faɗo a tsakiyar fili ta buɗe, alamar gara, ko an sassaƙe jois fiye da ƙima. Ƙa'idar sassaƙa ita ce a ƙarshen jois kada ta wuce kwatan faɗinsa, a jikinsa kada ta wuce kashi 1 cikin 6, kuma sam ba a yinta a tsakiyar kashi ukun tsawonsa. Masu aikin famfo suna yawan karya wannan.

Kamfanin da ya yanka maka farashi bai auna ba, ban ce aikinsu ba shi da kyau ba, amma wanda bai san me ya motsa ba bai san me zai gyara ba.

Baban Hanifa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baba Usta, na bi maganarku, igiya da tiyo duka, kuma sun ba da amsa ɗaya. Ginshiƙi na farko, na biyu da na huɗu suna kan layi, bambancinsu bai kai inci 1/8 ba. A kan na uku bim ya sauka da inci 5/8. Giɓin mafi girma kuma daidai saman wannan ginshiƙin yake, yana raguwa hagu da dama, kamar yadda Ɗan Damagaram ya kwatanta. Bangon lungun ma a saman bim yake tafiya.

Hajiya Injiniya, na duba saman ginshiƙan. Kowanne an ɗora masa guntun falanki tsakanin bulo da bim. A kan sauran ukun falankin yana nan da ƙarfinsa. Na ginshiƙi na uku ya yi baƙi, ya baje, gefensa ya fito kamar an tauna, sukudireba ya shige shi har mariƙi. Bim ɗin kansa na soke shi ta ko ina, ya ƙi, sai dai ƙasansa ya ɗan canza launi inda ya taɓa ruɓaɓɓen. Na ɗora lebur a jikin ginshiƙin ta fuska biyu, a tsaye yake ƙyam, babu tsaga, babu hanyar gara. Na tona gefensa kaɗan na sami kankaren da yake zaune a kai.

Na'urar laima ta nuna 14 zuwa 15 a yawancin jois, amma 22 a bim kusa da wannan ginshiƙin. Ƙasar wurin a jiƙe take, tana manne wa gwiwa, kuma babu leda ko kaɗan. A waje na tarar bututun indararon bayan gida ya rabu da mahaɗarsa, yana zuba a gindin bango, daidai saitin wurin. Bulon ginshiƙin ma rabinsa na ƙasa ya yi duhu da farin gishiri-gishiri.

Jois ɗina kuwa inci 7½ ne, kamar yadda aka ce. Na ga guda ɗaya a ƙarƙashin banɗaki da aka sassaƙe don bututu, amma a kusa da bango ne kuma bai kai inci 1 ba.

Yanzu ina da jak na mota mai ɗaukar tan 12. Zan iya yi da kaina?

Injiniya Maman Yusra:

Alhamdu lillahi, wannan shi ne mafi sauƙin abin da za a iya samu: ginshiƙi lafiya, bim lafiya, abin da ke tsakaninsu ne ya mutu. Bulon ya tsotso ruwa daga jiƙaƙƙiyar ƙasa ya miƙa wa falankin. Sassaƙar banɗakin nan kuma tana cikin ƙa'ida.

Ka fara da ruwan. Ka haɗa indararon, ka ja bakinsa ya yi nisa da bango, ka shimfiɗa leda mai kauri ta gini a duk ƙasan, gefunanta su hau juna sosai, ka bar wurin ya sha iska har awon bim ya sauko ƙasa da 19. Ka kuma kira ofishin kula da gine-gine na birni ka tambaya ko aikin yana buƙatar izini. Ni da za ka ji tawa, ko da kai za ka yi aikin, ka biya injiniya ya zo sau ɗaya ya tabbatar da ƙasan bim ɗin da kankaren ginshiƙin, tun da ɗakin yara ne a sama.

Ɗan Damagaram:

Ina bayan Hajiya. Jak ɗinka ya isa, ƙarfinsa ma ya yi yawa, kuma a nan haɗarin yake, don ba za ka ji nauyi a hannunka ba sai ka wuce wuri.

Kada ka kafa shi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa kai tsaye, zai nutse ko ya kife. Ka daidaita wurin, ka jera katakai masu kauri a gicciye su yi faffaɗan gindi, kamar ƙafa 1 zuwa 2 daga ginshiƙin. A saman jak ka sa farantin ƙarfe mai kauri da ya mamaye faɗin katakan bim duka uku, in ba haka ba kan jak ɗin zai huda katakon maimakon ya ɗaga shi. Ya tsaya a miƙe, ka duba da lebur. A ɗaya gefen ginshiƙin ka jera wani tarin katakai a gicciye har su taɓa bim, duk ɗagawar da ka yi ka bi ta da ciko a kansu. Jak mai mai yana iya sacewa a hankali ko ya saki gaba ɗaya, don haka ba a barin gida a kansa, kuma hannunka kada ya shiga tsakanin bim da bulo sai tokarin yana riƙe. In za ka yi amfani da bulo a tokari, ramukansa su kalli sama, a kwance fashewa yake.

Ɗagawar kuma inci 1/8 a rana, haka muke yi, don bango da ƙofofi su sami lokacin komawa. Kafin ka fara ka bi bututun gas da na ruwa ka ga ko akwai wanda aka ɗaure a jikin bim. Ƙusoshin da suka zaro ka yanke su ko ka cire, don kada su tokare su hana jois zama. Za ka ga giɓin na rufewa da kansa tun daga gefe zuwa tsakiya. Da zarar jois na tsakiya sun zauna, igiya ta nuna layi, ka tsaya, ko da ƙofar ba ta gama sakin jiki ba.

Sai ka kankare ruɓaɓɓen falankin tas. In ramukan bulon sama a buɗe suke, a cika su da kankare ko a ɗora bulo marar rami. A kai ka sa abin da zai raba bulo da katako don laima, sannan farantan ƙarfe masu faɗin bim ɗin gaba ɗaya har su cika tsayin. Ka sauke jak a hankali nauyin ya koma kan ginshiƙi. Jois ɗaya ko biyu za su iya rage da ɗan giɓi, waɗannan ne na weji biyu-biyu, sannan sababbin ƙusoshin karkace uku a kowane jois. Ka sa takunkumi, kuma kada ka shiga sai akwai babban mutum a bakin ƙofar da ke jin muryarka. Falankan sauran ginshiƙan uku ma ka auna laimarsu, in sun haura 19 ka canza su tun jak ɗin yana ƙasa.